Aku a Kan Hanyar Burji: Yadda Gargada, Ƙura da Zafi Ke Taɓa Mota da Tsuntsu

Aku ba ya sheƙa a ƙasar Hausa, amma da wuya a sami Bahaushen da bai san shi ba. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce ta Alhaji Abubakar Imam, wadda aka fara bugawa a 1937, ya san akun nan da ya yi ta shagaltar da ɗan sarki da labarai har daga baya ya zama waziri. Akun da ake gani cikin keji a zaurukan Kano da Katsina da Damagaram, mai launin toka da jan wutsiya, tsuntsun kurmi ne. Mazauninsa ya faro daga Kwaddibuwa da Gana, ya bi ta kudancin Nijeriya da Kamaru da Gabon da Kwango, har ya dangana da Yuganda da yammacin Kenya. Ke nan duk akun da ke arewa, ko shi ko iyayensa, sai da aka yi doguwar tafiya da shi, kuma galibi tafiyar kan soma ne a kan hanyar burji, daga wani ƙauye na bakin daji.

Ba kowane tsuntsu ne ke kai wa ƙarshen wannan tafiya ba. Daga 1975 zuwa 2013 an fitar da aku fiye da miliyan ɗaya daga dazuzzukan Afirka zuwa kasuwannin duniya, ban da ɗimbin waɗanda suka mutu a hanya tun kafin su isa tashar jirgi. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna cewa ƙasar Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta tun daga 1992. A shekarar 2016 ɗin ce ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CITES suka taru a Johannesburg, suka hana cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa, hanin kuma ya soma aiki a watan Janairu na 2017. Yanzu ko akun gida ne, ba a ƙetare iyaka da shi sai da takardar izini.

To, amma ba 'yan kasuwa kaɗai ke tafiya da aku ba. Tsuntsu ne mai tsawon rai, yana iya yin shekara 40 zuwa 60 a hannun mai kula da shi, don haka ba makawa wata rana a sa shi a mota. Akwai malamin makarantar da aka yi wa canji zuwa ƙauye, akwai ma'aikacin lafiya, akwai kuma wanda akunsa ya kamu da ciwo, likitan dabbobi kuwa yana birni. Abin lura a nan shi ne, abubuwan da ke lalata mota a hanyar burji su ne ke kashe aku a cikinta, kuma dalilan kimiyyar kusan ɗaya ne.

Daga ina gargada take fitowa?

Mafi yawan hanyoyin burji da marmara ake yin su, wato jar ƙasar nan mai tsakuwa. Tsatsar ƙarfen da ke cikinta ce ta ba ta wannan launi. Idan gireda ta baje ta aka danne, sai hanya ta yi sumul. Kafin a yi nisa cikin rani sai a ga ta yi kunya-kunya a gicciye kamar gonar da aka yi wa huɗa, kowace kunya tsakaninta da 'yar'uwarta abin da bai wuce mita ɗaya ba. Direbobi sukan ɗora laifin a kan iska, ko manyan motoci, ko 'yan kwangila. Wasu ma sun ɗauka sawun gireda ne ya rage.

Wani masani a Ostareliya mai suna Keith Mather ya gwada abin, ya kuma buga sakamakonsa a 1963. Ya zuba yashi a da'ira, ya ɗaura ƙaramar taya a jikin wani hannun ƙarfe mai juyawa, ya bar ta tana zagaye. Idan tayar na tafiya a hankali, yashin yakan zauna daidai. Da zarar gudunta ya wuce wani mizani, sai kunyoyi su fito da kansu. A 2007 waɗansu masana uku, Nicolas Taberlet da Stephen Morris da Jim McElwaine, suka sake irin wannan gwaji, suka gano cewa ko tayar da ba ta da sifirin tana haifar da kunyoyin. Ga mota, mizanin nan bai wuce misalin kilomita 8 a awa ba, wato ɗan abin da ya ɗara saurin mai tafiya a ƙasa.

Yadda abin yake shi ne, babu hanyar da ba ta da ɗan tudu ko ɗan dutse. Idan taya ta hau shi da gudu, sai ta ɗan yi tsalle ta dira a gaba. Inda ta dira ɗin takan tura ƙasa gaba, ta bar ɗan rami da sabon ɗan tudu. Tayar da ta biyo baya ta hau wannan sabon tudu, ita ma ta yi tsalle ta haƙa nata. Haka za a yi ta yi har kunyoyin su jeru tsawon kilomitoci. Saboda haka gargada ba alamar ha'inci ba ce a kowane lokaci. Muddin ƙasa busasshiya ce mai warwatsewa, motoci kuma na gudu a kanta, to sai ta fito.

Ɗalibi yana iya lissafa wa kansa irin girgizar da mota ke sha. Motar da ke gudun kilomita 36 a awa tana cin mita 10 a kowace daƙiƙa. Idan tsakanin kunya da kunya rabin mita ne, kowace taya tana dukan tudu sau 20 a daƙiƙa guda, wato sau 72,000 a awa. Wannan ne ke kwance noti, ya tsage salansa, ya zafafa shokozoba har ta daina aiki. Wannan girgizar kuma ita ce ke ratsa gindin keji ta shiga ƙafafun aku, wanda duka nauyinsa bai wuce misalin giram 400 ba.

Tsofaffin direbobi sun san cewa idan aka taka mota ta kai gudun kilomita 70 ko 80, girgizar takan ragu, domin tayoyin suna bin kan kunyoyin ne kawai ba su faɗawa cikin ramukan. Gaskiya ne, amma dabara ce mai tsada. Tayar da ke shawagi daga tudu zuwa tudu ba ta riƙe da ƙasa sosai, sitiyari da birki kuwa ba su da wata hanyar yin aiki sai ta inda taya ta taɓa ƙasa. Bugu da ƙari, idan gudu ya ninka biyu, nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya yakan ninka huɗu. Direban da ya sha kwana a haka ya tarar da garken shanu ko kwalbatin da ruwa ya cinye, ba abin da birki zai yi masa. Abin da ya fi shi ne matsakaicin gudu, da rage wa tayoyi iska kaɗan don su riƙa shanye wani ɓangare na bugun, a kuma mayar da iskar da zarar an hau kwalta, domin tayar da ba ta cika ba tana yin zafi idan ana gudu, har ta kai ga fashewa.

Amfanin rage iska ya fi fitowa a cikin rairayi, irin na wajen Yusufari da Gure. Nauyin mota bai canza ba, amma tayar ta ƙara faɗi da tsawo a inda ta taɓa ƙasa, nauyin ya rarrabu, sai motar ta daina nutsewa. Dalilin da ya sa raƙumi ke da faffaɗan tafin ƙafa ke nan. Baƙar lakar nan ta yankin Dikwa da Gamboru kuwa, idan ta sha ruwa ba dabarar da ta fi haƙuri a jira ta tsane. Haka ma rafin da ya kawo: ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30 yana iya ɗauke ƙaramar mota, mai santimita 60 kuwa yana tafiya da mafi yawan motoci. Idan kuma inji ya zuƙi ruwa a maimakon iska, ruwa ba ya matsuwa, sai sandar fistin ta lanƙwashe.

Inji da tsuntsu duk masu shaƙar iska ne

Mutane sukan ɗauka fetur ne babban abincin mota, alhali iska ce. Kafin inji ya ƙona kilo ɗaya na fetur yana bukatar iska kusan kilo 15. Idan aka mayar da wannan zuwa ma'aunin lita, kowace litar fetur tana tafiya da iska misalin lita 9,000. A hanyar burji da rani, wannan iska cike take da ƙura, ƙurar kuwa ƙananan duwatsu ne masu kaifi. Idan suka shiga inji sukan gauraya da baƙin mai su riƙa cin ƙarfe. Shi ya sa kowane inji ke da matatar iska, shi ya sa kuma mai bin burji yake duba tasa fiye da mai bin kwalta.

Shi aku, abin da Allah ya ba shi na tace iska bai wuce 'yan ƙofofin hanci da majinar da ke cikinsu ba, ga shi kuma tsarin numfashinsa ya sha bamban da na mutum. Huhun mutum kamar mafitsarar ƙwallo yake, yana kumbura yana saɓewa, iska ta shiga ta kuma fita ta hanya guda, a kowane lokaci kuma akwai ragowar tsohuwar iska a ciki. Huhun tsuntsu ƙarami ne, kusan ba ya motsi. Abin da ke tura iska shi ne waɗansu jakunkuna masu siririn tantani, galibi guda 9, da ke warwatse a ƙirji da ciki, waɗansu har sun kutsa cikin ƙasusuwa. Suna aiki kamar zugazugin maƙeri. Idan tsuntsu ya ja numfashi, mafi yawan sabuwar iskar takan wuce zuwa jakunkunan baya. Idan ya saki, sai ta taso daga can ta ratsa huhu. A ja na biyu ta koma jakunkunan gaba, a saki na biyu ta fita waje. Wato iskar da ya shaƙa sai ya yi numfashi biyu kafin ta bar jikinsa, kuma ta fuska ɗaya take ratsa huhu, ko yana ja ko yana saki.

Wannan tsari, tare da sirantakar tantanin da ya raba iska da jini a huhunsa, shi ke ba tsuntsu damar ɗibar oksijin fiye da dabba mai shayarwa, har ya iya tashi sama. Amma ƙofar da ke shigo da alheri da sauri ita ce ke shigo da guba da sauri. Masanin nan na Birtaniya, John Scott Haldane, tun wajen 1895 ya ba da shawarar masu haƙar kwal su riƙa shiga rami da ƙananan halittu. Kanari ne ya shahara a wannan aiki, domin yakan faɗi tun kafin mutum ya ji komai idan akwai iskar kabon monoksaid, kuma ba a daina amfani da shi a ramukan Birtaniya ba sai a 1986. Ita wannan iska ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma manne wa sinadarin jinin da ke ɗaukar oksijin fiye da yadda oksijin ɗin ke manne masa sau 200. Tana cikin hayaƙin kowace mota mai amfani da fetur.

Nan ne gargada da numfashi suka haɗu. Girgiza ta tsage salansa, hayaƙi ya riƙa fita a ƙarƙashin mota. Motar da ke tafiya kuwa tana barin wani gurbi a bayanta inda matsin iska ya yi ƙasa, ƙura da hayaƙi su riƙa dawowa suna kewaya wurin, su shigo ta ƙofar baya ko ta duk wata kafa. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar ƙarshe ta bas a hanyar ƙauye ya san shi ya fi kowa fitowa da jan gira. Saboda haka wurin da mutane suka fi ajiye keji, wato can baya tare da kaya ko a bodin akori-kura, shi ne wuri mafi muni. Wurin aku shi ne kujerar tsakiya, a ɗaure kejin da bel. Idan wata mota ta wuce ta ta da ƙura, a ɗaga gilashi, a rage gudu, a bar ƙurar ta lafa. Yin hakan ya kare tsuntsu, ya kare inji, ya kuma bai wa direba damar ganin gabansa. Idan aku ya soma layi ko ya faɗo daga sandarsa ba tare da dalili ba, a tsaya a fito da kowa, domin mai yiwuwa mutanen cikin motar ma suna shaƙar abin da ya kayar da shi.

Wani abu kuma, tsuntsu ba shi da tantanin nan mai raba ƙirji da ciki wanda mutum ke numfashi da shi. Ƙashin ƙirjinsa ne ke ɗagawa yana sauka. Wanda ya damƙe aku ta ƙirji don ya sa shi a keji, ko da bai taɓa wuyansa ba, ya shaƙe shi.

Zafi

Zafin jikin aku yana kai wa misalin digiri 41 a ma'aunin Salshiyos, mutum kuwa 37. Tazarar da ke tsakanin wannan da zafin da ke hallaka shi kaɗan ce, kuma ba ya gumi. Idan ya ji zafi sai ya buɗe baki yana haki, ya ware fukafukai daga jikinsa. Wani bincike da aka yi a Kalifoniya ta Amurka aka buga a 2005 ya nuna cewa motar da aka ajiye a rana zafin cikinta yakan ƙaru da misalin digiri 22 cikin awa guda, mafi yawan ƙarin kuma a rabin awar farko yake faruwa, sannan ɗan sauke gilashi bai hana komai ba. Sai a ɗora wannan a kan zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda ma'auni ke wuce 40 a inuwa. Tsayawa salla ko cin abinci ya isa. Duk inda aka tsaya, a fito da kejin a sa shi a inuwa. Idan haki ya soma, a yayyafa masa ruwa mai ɗan sanyi a gashi da ƙafafu, ba ruwan ƙanƙara ba.

Tafiyar asuba ta fi wa inji da tsuntsu sauƙi, sai dai da hunturu a tuna cewa aku ɗan kurmi ne, bai saba da busasshen sanyi ba. A rufe ɓangare uku na kejin da zane mara kauri, a bar ɗaya don iska. Rufewar tana kuma rage masa firgita. Kejin tafiya ƙarami ya fi, da sanda ɗaya a ƙasa-ƙasa wadda ƙafarsa za ta iya kamawa, da tsumma a shimfiɗe, ba tare da wani abu mai lilo da zai riƙa dukansa ba. Ruwan sha zubewa yake yi a gargada, don haka a sa masa yankan kankana ko lemo ko gwanda, a ba shi ruwa idan an tsaya. Waɗansu akun sukan yi amai a mota kamar yadda waɗansu mutane ke yi, don haka ba a cika masa maƙoshi dab da tashi.

Guzuri

Abin da matafiyi ya fi saurin miƙa wa aku a tasha shi ne gyaɗa, kuma a nan akwai haɗari. Gyaɗar da aka adana da danshi takan yi fumfuna, wata fumfunar kuma tana fitar da guba mai suna aflatoksin wadda ke lalata hanta. An gano gubar ce bayan da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa da garin gyaɗa daga Barazil. Ƙwayoyin irin wannan fumfuna kuma idan tsuntsu ya shaƙe su sukan tsiro a cikin jakunkunan iskarsa, inda akwai ɗumi da danshi, kuma aku mai launin toka yana cikin waɗanda suka fi saurin kamuwa, musamman idan wahalar tafiya ta raunana shi.

Ko gyaɗar tana da kyau, ita da gero da masara kaɗai ba su isa ba. A daji aku yana cin 'ya'yan itatuwa iri-iri, musamman jan naman kwakwar manja mai ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Idan ya rasa wannan bitamin, tantanin hanci da maƙogwaronsa yakan lalace, wato matatar iskarsa ce ta lalace. Karas da mangwaro da gwanda da alayyafo da zogale suna cike wannan gurbi. Yana kuma da saurin ƙarancin kalsiyam, har ya riƙa faɗuwa kamar mai farfaɗiya, shi ya sa yake bukatar hantsi kai tsaye, domin hasken da ya ratso gilashi ba ya sa jiki ya samar da bitamin D. Fiya guba ce gare shi, haka cakulan da kofi da abinci mai gishiri. Goro ma, duk da cewa ana ba shi da sunan wasa, yana ɗauke da sinadaran da ke cikin kofi da cakulan.

Shi ma mai aku yana da abin kiyayewa. Akwai cutar da ake kira zazzaɓin aku, wadda wata ƙwayar bakteriya ke haddasawa, tana kama mutum idan ya shaƙi ƙurar busasshen kashin tsuntsu. A 1929 zuwa 1930 ta ɓarke a Turai da Amurka ta hanyar tsuntsayen da aka shigo da su daga Kudancin Amurka, ta kama mutum wajen 800, ta kashe fiye da 100. Yanzu ana warkar da ita da magani, amma tana kama da mura ko zazzaɓin cizon sauro, don haka wanda ya yi rashin lafiya bayan doguwar tafiya da tsuntsu a rufaffiyar mota ya kamata ya gaya wa likita hakan. Kafin a share keji a fara jiƙa shi.

Bayan an isa

Direba mai hankali ba ya kwanciya sai ya zagaya motarsa. Zai taɓa notin tayoyi, ya leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗigon mai, ya duba ruwan lagireto bayan inji ya huce, ya cire matatar iska ya kakkaɓe ta ko ya canza ta. Mota ba ta ɓoye ciwonta. Aku kuwa yana ɓoyewa, domin a daji tsuntsun da ya nuna rauni shi shaho ke fara ɗauka. Saboda haka sai an sa masa ido na kwana biyu ko uku, a ɗaki mai shiru, da abincin da ya saba. Alamun da ake nema su ne zama a ƙasan keji, da tayar da gashi yana lumshe ido da rana, da wutsiyar da ke ɗagawa tana sauka tare da kowane numfashi, da canjin launin kashi ko ƙarancinsa. Akun da muryarsa ta dushe ko ya yi shiru gaba ɗaya shi ma abin dubawa ne, domin muryar tsuntsu daga can ƙasan maƙogwaro take fitowa, inda hanyar iska ta rabu biyu zuwa huhu, kuma nan ne fumfuna ta fi son zama. Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan ba a jira gobe. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi da ke jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna duba tsuntsaye, haka ma ofisoshin likitocin dabbobi na jihohi.